Bangaskiya da Bege a Rayuwar Yau da Kullum: Tambayoyin da Masu Bi Ke Yawan Yi

Waɗannan tambayoyi irin waɗanda ake yi ne a bakin ƙofar majami'a bayan an tashi sujada, ko a taron Zumuntar Mata bayan an ajiye tulu da ganga, ko a waya cikin dare sa'ad da barci ya ƙi zuwa. Na tattara su, na amsa gwargwadon abin da Maganar Allah ta koya mana da abin da ikkilisiyoyinmu suka gani da idonsu.

Da safe gudu nake yi: ɗiban ruwa, shirya yara, neman abin hawa. Yaushe zan sami lokacin ibada?

'Yar'uwa, ki fara da minti goma, kada ki jira ranar da za ki sami awa guda, domin ranar ba za ta zo ba. Waƙa ɗaya da kika haddace, 'yan ayoyi, sai addu'a a kan abin da ke gabanki a ranar: kuɗin makaranta, ciwon yaro, hanyar da maigida zai bi. A Markus 1:35 Yesu ya tashi da asussuba tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a, alhali daren jiya mutanen gari sun cika masa ƙofar gida da marasa lafiya. Shi ma satar lokacin ya yi.

A garuruwanmu kiran sallar asuba yana tashin kowa da kowa, kuma gidajen Kirista da dama da shi suke sanin lokacin addu'ar safe ya yi. In kuwa aikinki na dare ne, kamar ma'aikaciyar jinya, to ki zaɓi lokacin da ya dace da ke ki riƙe shi. Daniyel sau uku a yini yake durƙusawa, kuma yana da aikin gwamnati a hannunsa.

Daga ina zan fara karanta Littafi Mai Tsarki? Kuma wace fassarar Hausa ta fi?

Fara da Bisharar Markus. Sura 16 ce kawai, labarin yana tafiya da sauri, kuma kafin ka gama za ka ga wane ne Yesu da idonka. Bayanta sai Yahaya, sai Ayyukan Manzanni. A gefe ɗaya ka riƙa haɗawa da Zabura ɗaya kowace rana. Karin Magana sura 31 ne, shi ya sa mutane da yawa suke bin kwanan wata da shi: ranar 9 ga wata sura ta 9.

Masu ɗaukar alkawari a ranar 1 ga Janairu cewa za su karance littafin duka daga Farawa sukan maƙale a Littafin Firistoci kafin ƙarshen Fabrairu, daga nan sai kunya ta sa su ajiye shi gaba ɗaya. Surori 1,189 ne a cikin littattafai 66, wato uku zuwa huɗu a rana in ana so a gama cikin shekara. Abu ne mai kyau ga wanda ya iya, amma ba doka ba ce. Ayoyi biyar da ka karanta ka yi ta juya su a zuciya a kan babur ko a gona sun fi sura huɗu da ido kawai ya bi ta kansu.

Game da fassara, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, kuma Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya kafin mishan ta koma Wusasa, yana cikin waɗanda suka yi wa aikin hidima mafi tsawo. A cikinta ne ake cewa Matta da Yohanna, kuma da kalmominta ne tsofaffinmu suka haddace Addu'ar Ubangiji. Fassarar 1979 ta zo da Hausa mai sauƙi, ta ce Matiyu da Yahaya. In kana koya wa yara, ta biyun ta fi sauƙin shiga kunne. In kaka tana zaune a wurin, ka bar ta ta faɗi ayarta yadda ta sani, kada ka gyara mata.

Mahaifiyata ba ta iya karatu ba. Yaya za ta ci daga Maganar Allah kowace rana?

Da kunne, kamar yadda yawancin masu bi na farko suka ci. Wasiƙun Bulus karanta su ake yi da ƙarfi a cikin taro, jama'a suna ji. Yau akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka ɗauka da murya, ana sa shi a katin waya, ba ya bukatar intanet. Amma abin da ya fi wannan daɗi shi ne jika ya zauna kusa da ita ya karanta mata Zabura da yamma. Kada kuma ka raina waƙoƙin Zumuntar Mata. Da yawa daga cikinsu ayoyi ne aka ɗora wa murya, kuma akwai iyayen da ba su taɓa riƙe alƙalami ba amma Nassin da ke cikin kansu ya fi na masu digiri.

Me ake nufi da bege? Kowa ma yana cewa Allah ya kawo sauƙi.

Fatan alheri abu ne mai kyau, amma begen mai bi yana da wurin tsayawa. Yana tsaye ne a kan abin da ya riga ya faru: Almasihu ya mutu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku. Bulus ya faɗa a fili a 1 Korintiyawa 15 cewa in wannan bai faru ba, bangaskiyarmu banza ce. Tun da ya faru, to mutuwa ma ba ita ce mai maganar ƙarshe ba, balle tsadar masara.

Abin da nake so ɗan'uwa ya riƙe shi ne yadda Allah yake raba wannan begen. Ba ya ba mu na shekara guda a dunƙule. A Fitowa 16, da Isra'ilawa suka ji yunwa a jeji, manna tana saukowa kowace safiya, kowa ya ɗebi mudun da zai ishe shi yini ɗaya. Wanda ya ɓoye saura don gobe, sai ya tarar ta yi tsutsa tana wari. A rana ta shida kaɗai aka yarda su ɗebi ninki biyu saboda Asabar. Shekara 40 suka yi a haka. A Addu'ar Ubangiji ma abincin yini aka koya mana mu roƙa. Kuma a ƙarshen Matiyu 6 Yesu ya ce kada mu damu da gobe, wahalar yau ta ishi yau.

Wannan yana da nauyi a gare mu yanzu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu 2023, gidaje da yawa ba sa iya lissafin wata, sai na yini. Uba yana kwance yana ƙirga kuɗin haya na shekara, da kuɗin makaranta zango uku, da taki na damina mai zuwa, duka a dare ɗaya, sai ya ji kamar Allah ya yashe shi domin ba ya jin ƙarfin ɗaukar wannan duka. Baba, ai ba a ba ka ƙarfin ɗaukar duka a daren nan ba. Na yau aka ba ka. Ka yi shiri, ka yi tanadi, Karin Magana ma ta tura mu wurin tururuwa mu koyi wannan. Amma fargabar watanni goma sha biyu ba a ɗaukarta da alherin kwana ɗaya.

Ayar da muke yawan rerawa, cewa jinƙan Ubangiji sababbi ne kowace safiya, tana cikin Makoki 3:22-23. Littafin kuka ne, an rubuta shi a kan kangon Urushalima bayan sojojin Babila sun ƙone ta. Wanda ya rubuta ayar yana kallon toka ne.

Na yi shekaru ina addu'a a kan abu ɗaya, shiru. Bangaskiyata ce ta kasa?

Ba lalle ba, kuma ina roƙon masu wa'azi su daina ɗora wa mutane wannan kaya. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya daga jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Allah ya ishe shi (2 Korintiyawa 12). Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya? A Getsamani Yesu da kansa ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, ba a ɗauke ba. Ibraniyawa 11 ta jera waɗanda suka rufe bakin zakuna ta wurin bangaskiya, a sura ɗaya kuma ta jera waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida.

Matar da ta yi shekara goma ba haihuwa, dangin miji suna yi mata habaici, ta zo majami'a kuma a ce mata akwai zunubin da ta ɓoye, an zalunce ta sau biyu. Abokan Ayuba sun yi masa irin wannan lissafi, a ƙarshen littafin kuwa Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Ki ci gaba da roƙo, Luka 18 ta ba ki izini ki nace kamar gwauruwar nan da ta dami alƙali har ya bi mata hakkinta. Ki kuma nemi mutum ɗaya ko biyu amintattu su ɗauki roƙon tare da ke, domin akwai ranakun da bakinki ba zai iya ba.

Laifi ne mai bi ya yi kuka, ko ya tambayi Allah me ya sa?

Da laifi ne, da an cire kaso mai yawa na Zabura. Zabura 13 ta tambayi Allah har yaushe sau huɗu a ayoyi biyu. Zabura 88 ta ƙare ba tare da ko kalmar ta'aziyya ɗaya ba, kuma an bar ta a cikin littafin. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru duk da ya san abin da zai yi bayan 'yan mintoci. Abin da 1 Tasalonikawa 4:13 ta hana shi ne baƙin ciki irin na marasa bege, ba ta hana hawaye ba.

Mun ga wannan a gida. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta fara sujada a gindin tsamiya a Garkida a watan Maris 1923, ta sha abin da baki ba zai iya faɗa ba. Yawancin 'yan matan da aka kwashe daga Chibok a Afrilu 2014 'ya'yanta ne. A Oktoba na shekarar aka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci, membobinta suka watsu zuwa Yola da Abuja da Kamaru. Sun yi kuka, sun yi azumi, sun tambayi Allah har yaushe. A sansanonin gudun hijira sun ci gaba da taruwa ran Lahadi. Daga baya suka koma Kwarhi, kuma a 2023 suka yi bikin cika shekara 100, duk da akwai iyayen da har yau ba su ga 'ya'yansu ba. A Nijar ma, bayan an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai a Janairu 2015, masu bi sun koma yin sujada, wasu a cikin kangon. Duk wanda zai yi wa irin waɗannan mutane wa'azin bege, ya fara zama ya ji kukansu tukuna.

Wani lokaci ina shakka ko Allah yana ji na. In faɗa wa fasto?

Faɗa masa, ko wani dattijo da ka amince da shi. Yahaya Mai Baftisma yana kurkuku ya aika a tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan, Yesu kuwa bai tsawata masa ba, ya yabe shi a gaban jama'a. Mahaifin yaron nan da aka kawo wa Yesu ya warkar a Markus 9:24 ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Shakkar da aka ɓoye ita ce take ruɓewa a ciki.

Saƙonnin da ake turowa a WhatsApp da Facebook, a ce ka rubuta Amin ka tura wa mutum goma, fa?

Aya da wani ya turo maka da safe don ya tuna da kai alheri ce, ka gode masa. Amma saƙon da ya ce albarka za ta same ka cikin awa 24 in ka tura, masifa kuma in ka ƙi, camfi ne aka sa wa rigar addini. Allah ba ya ƙirga yawan turawa.

Ka kuma saba da buɗe ayar ka karanta abin da ke gabanta da bayanta. Irmiya 29:11, wadda take maganar shirin alheri da Allah yake da shi, tana yawo a waya kullum. Aya ta 10 ta ce sai bayan shekara 70 a Babila. An rubuta wasiƙar ne ga mutanen da aka kwashe bauta, aka ce musu su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su. Annabin da ya yi musu alkawarin komawa cikin shekara biyu, Hananiya, shi ne maƙaryacin. Sanin wannan ba ya rage wa ayar daɗi, sai ma ya sa ta iya ɗaukar nauyin mutumin da jiransa ya yi tsawo.

Haka batun masu sayar da mai da ruwa da hankici, da masu cewa sai ka shuka iri na kuɗi kaza kafin a buɗe maka hanya. Da Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8). Baiko da zakka ana ba da su da yardar rai don aikin Allah da taimakon mabukata. Raina yana ɓaci ƙwarai in na ga gwauruwa ta sayar da akuyarta ta ƙarshe don a yi mata addu'ar da ake yi kyauta.

In ba ni da lafiya, zuwa asibiti rashin dogara ga Allah ne?

A'a. Waɗanda suka kawo mana bishara da magani a hannu suka zo. Asibitin Vom, da na Wusasa, da Jankwano a Jos, da asibitin ido na ECWA a Kano, da asibitin Galmi a Nijar da aka buɗe a 1950, duk masu addu'a ne suka kafa su. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Kira dattawa su yi maka addu'a kamar yadda Yakubu 5 ta ce, sa'an nan ka sha maganinka. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko mai shan maganin ƙanjamau kada ya ajiye magani don wani ya ce an warkar da shi, sai likita ya gwada ya tabbatar.

Wannan ya haɗa da ciwon damuwa. Mutumin da ya yi makonni ba ya barci, ba ya cin abinci, ba ya son ganin kowa, ko yake maganar gara ya mutu, yana bukatar addu'a da likita duka biyu, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato. Annabi Iliya ya kwanta a gindin itace ya roƙi mutuwa, abin da Allah ya fara yi masa kuwa shi ne ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu, kafin ya yi masa magana (1 Sarakuna 19).

Mece ce alaƙar bangaskiya da sana'ata? Ni hatsi nake sayarwa.

Mudunka shi ne mumbarinka. Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Mai awo da bai buga gindin mudu ba, tela da ya cika alkawarin ɗinkin Kirsimeti, ma'aikacin da bai riƙe fayil yana jiran na goro ba, malamar da take shiga aji ko albashi ya makara, duk suna shaida. Abokan cinikinka da yawa ba za su taɓa shiga majami'a ba, amma sun san ko kana cika awo. Za ka yi asarar wasu riba, ba na ɓoye maka.

Yaya zan zauna da maƙwabtana Musulmi bayan abubuwan da suka faru?

Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar ƙoƙarinku, ku yi zaman lafiya da kowa. Ga da yawa daga cikinmu wannan ba baƙon abu ba ne: gida ɗaya akwai kawu Musulmi da gwaggo Kirista, naman layya yana shigowa, shinkafar Kirsimeti tana fita. Ka je gaisuwar mutuwa, ka je barkar suna, ka riƙe bangaskiyarka ba tare da zagin ta wani ba.

Gafara ita ce mai wuya, kuma ba na faɗinta da sauƙin baki ga wanda aka kashe wa ɗa. Gafartawa ba ta nufin a daina neman shari'a ko a daina faɗin gaskiya. Tana nufin ka saki ramuwa ka bar wa Allah, kuma sau da yawa sai an yi ta maimaita wannan sakin. A Kaduna, Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa a rikicin 1992, da Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, sun bar gaba suka kafa cibiyar sasanci tare. A Yuni 2018, a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a shiga. Ya kamata 'ya'yanmu su ji waɗannan labarai kamar yadda suke jin na ƙone-ƙone.

Yara sun fi son waya da addu'ar iyali. In tilasta musu?

Ka gajarta ta, ka ba su aiki a ciki. Wannan ya zaɓi waƙa, wancan ya karanta, auta ya faɗi wanda za a yi wa addu'a. Addu'ar iyali da ta koma wurin tonon laifin yara, ko wa'azin awa guda bayan kowa ya gaji, ita ce take korarsu. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ce a yi musu maganar a zaune a gida, da tafiya a hanya, da kwanciya, da tashi, wato cikin hirar yau da kullum. Kuma Baba ya fara ajiye tasa wayar.

An ɓata mini rai a majami'a, na daina zuwa. Ba zan iya bin Yesu a ɗakina ba?

Ɓacin ranka na iya zama da dalili, ikkilisiya cike take da mutane masu kuskure, har da shugabanni. Bi matakan Matiyu 18: ka sami wanda ya yi maka laifin kai da shi, in bai ji ba ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban ikkilisiya. In wurin ya zama na cutarwa ko na koyarwar ƙarya, kana da 'yancin neman wata majami'a. Amma kada ka zauna kai kaɗai. Wa'azin waya ba zai zo gaishe ka a asibiti ba, ba zai kawo wa matarka itace da garin kunu ranar haihuwa ba, ba zai ɗauki gawarka ba. In shiga babban taro ya yi maka nauyi yanzu, fara da addu'ar tsakiyar mako ko binciken Littafi Mai Tsarki na unguwarku, inda mutane kaɗan ne kuma za a san ranar da ba ka zo ba.